Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Muhalli, Malam Balarabe Abbas Lawal, Kan Dazukan Bakin Tekun Neja Delta

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga Kaduna, jihar da ka yi wa hidima a matsayin Sakataren Gwamnati tun daga 2015 har zuwa lokacin da aka naɗa ka Ministan Muhalli a 2023. Maganar da nake tafe da ita ta wani daji ce wanda akasarin mutanen jiharmu ba su taɓa sa shi a ido ba, wato kurmin bishiyoyin mangurob da ke tsiro a magangamar koguna da teku a yankin Neja Delta, wanda babu kamarsa a faɗi duk nahiyar Afirka.

Na san wani zai ce ina ruwan ɗan Kaduna da bishiyar ruwan gishiri, alhali ga zaizayar ƙasa da kwararowar hamada a ƙofar gidansa. To, ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar garinmu can yake ƙarewa. Kogin Kaduna yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa birninmu, ya wuce Shiroro da Zungeru, ya faɗa kogin Kwara a ƙasar Nufe daura da Patigi, a Lakwaja kuma Binuwai ya haɗu da su, sannan ruwan ya rarrabu rassa-rassa kafin ya shiga Tekun Atlantika. Laka da taɓon da waɗannan koguna ke kwasowa daga Arewa su ne ƙasar da dajin ya kafu a kanta, ruwan daɗin da suke kaiwa kuma shi ke sirka gishirin teku har ya zama daidai da rayuwar ƙananan kifaye. Tun da aka gina madatsar Kainji a 1968, Jebba da Shiroro suka biyo baya, ga kuma Zungeru a 'yan shekarun nan, wani kaso na wannan laka yana kwantawa a bayan madatsun maimakon ya isa bakin teku. Ba ina ƙorafi kan wutar lantarki ba ne, domin muna buƙatarta, amma ya kamata duk lissafin da za a yi kan sabuwar madatsa ya haɗa da abin da mutanen ƙarshen kogin za su rasa.

Haka nan bututun da aka shimfiɗa domin kawo ɗanyen mai zuwa matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, daga wajen Warri ya taso. Busasshen jatan lande da ƙyafaffen kifin bonga da ake aunawa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ta Kawo kuwa, yawancinsu daga ruwayen gaɓar teku suke fitowa. Mun ci moriyar wannan yanki, kuma muna kan ci.

Ranka ya daɗe, aikin da wannan daji yake yi ya fi ƙarfin a kira shi fadamar banza. Saiwoyin mangurob suna fitowa ne sama da taɓo, a sarƙe da juna, domin ta nan bishiyar ke shaƙar iska, tun da ƙasar da take tsaye a kai ruwa ke rufe ta sau biyu a kowace rana idan teku ya cika. A tsakanin waɗannan saiwoyi ne 'ya'yan kifi da jatan lande da ƙaguwa suke fakewa har su yi ƙwari kafin su fita teku, saboda haka masuncin da ke jefa koma can nesa da gaɓa ma dajin ne yake ciyar da shi, ko da bai sani ba. Su ne kuma ke rage ƙarfin igiyar ruwa, su riƙe gaɓa kada ta zube. Wanda ya ga yadda teku ke cinye garin Ayetoro a jihar Ondo gida bayan gida, ya san abin da gaɓa mara kariya ke fuskanta. Ganyen da ya zuba cikin taɓon ba ya saurin ruɓewa saboda ƙarancin iska, shi ya sa ƙasar mangurob take adana sinadarin kabon ninkin abin da dajin tudu mai faɗi ɗaya ke adanawa, kuma da zarar an tone ta sai abin da ta ɓoye shekaru aru-aru ya koma sararin sama.

Wannan saiwa mai numfashi ita ce kuma raunin bishiyar. Idan ɗanyen mai ya malala, ruwan da ke cika yana janyewa shi ke shafa shi a jikin saiwoyin, ya toshe ƙofofin iskarsu, bishiyar ta mutu a tsaye, man kuma ya nutse cikin taɓo ya zauna shekara da shekaru. Abin da ya faru ke nan a Bodo da ke ƙasar Ogoni a 2008 da 2009, har kamfanin Shell ya amince a 2015 da biyan diyyar fam miliyan 55 ga masunta da al'ummar garin. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Agustan 2011 ya ce farfaɗo da muhallin Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da asusun dala biliyan ɗaya. Sai a watan Yunin 2016 aka ƙaddamar da aikin tsabtace yankin, kuma hukumar HYPREP da ke gudanar da shi tana ƙarƙashin ma'aikatarka ne. Ƙasar Ogoni kuwa ɗan yanki ne kawai na Neja Delta.

A nan ne nake son tsayawa, domin nan ne nake ganin ake karkata. Dashen mangurob da aka fara a yankin Gokana na ƙasar Ogoni abin yabo ne, amma dashe shi ne aikin da ya fi sauƙin ɗaukar hoto, kare dajin da ke tsaye kuwa ba ya jawo taron manema labarai. Tsiron da aka dasa bana sai ya yi shekaru kafin ya yi aikin uwar bishiyar da malalar mai ta dare ɗaya za ta kashe, ko masu dafa man sata su sare ta su yi makamashi, su kuma zubar da dattin man cikin rafi. Ina roƙonka, idan za a kawo maka rahoto, kada ka karɓi adadin abin da aka dasa kaɗai. Ka tambayi nawa ne suka rayu bayan shekara uku, kuma hekta nawa na tsohon daji aka rasa a daidai wannan lokaci, sannan a buga amsar kowa ya gani. Hukumar NOSDRA da aka kafa a 2006 domin sa ido kan malalar mai tana buƙatar jiragen ruwanta da kuɗin aikinta, saboda mai binciken da ya dogara da wanda yake bincika wajen kai shi wurin da ɓarna ta auku, da wuya bakinsa ya buɗe yadda ya kamata.

Akwai kuma wata annoba da ba a cika ambata ba, wato kwakwar nipa da aka shigo da ita Kalaba daga Singafo a 1906. Tana mamaye duk wurin da aka sare mangurob, 'ya'yanta na bin ruwa daga rafi zuwa rafi, ga shi ba ta ba kifi mafaka irin ta bishiyar asali. Duk wanda ya ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru, ta raba manoma da masunta da sana'arsu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Cire ta aiki ne na hannu, da zai ba matasan ƙauyukan abin yi idan aka tsara shi da gaske.

Su ma matan da ke ƙyafa kifi da itacen mangurob ba da ƙeta suke yi ba, shi ne makamashin da ke kusa da su, kamar yadda matanmu a nan ke dogaro da gawayi. Hana su ba tare da samar musu da ingantaccen murhun ƙyafa mai cin itace kaɗan ba, doka ce da za ta tsaya a takarda.

Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, kuma cikin wuraren da ta yi wa rajista akwai dajin Apoi a Bayelsa da na Orashi a jihar Ribas, amma mafi yawan kurmin mangurob ba shi da wata kariya ta musamman. Ga shi tun 2024 aka fara gina babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba mai tsawon kusan kilomita 700, wadda dole ta ratsa irin waɗannan wurare, kuma ma'aikatarka ce ke amincewa da rahoton tasirin ayyuka a kan muhalli. Ina roƙo a nemi gadoji da magudanai a duk inda hanyar za ta tsallaka rafin da teku ke shiga yana fita, maimakon a cike shi da yashi, domin mangurob da aka yanke wa wannan ruwa mutuwa yake yi ko ba a taɓa shi da gatari ba. Ina kuma roƙo a fitar da taswirar dajin da ya rage, jiha bayan jiha, a tattauna da gwamnonin yankin da sarakunansu kan wuraren da za a keɓe, kafin kwangilar sauran sassan hanyar ta isa gare su.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam,
Wani ɗan jiharka, daga Tudun Wada, Kaduna.