Kafin mai gyara ya ce "sai fomatin", a karanta saƙon DLL ɗin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana kan wata asara da nake gani tana faɗa wa ɗalibai a nan Sakkwato, alhali abin da ke jawo ta bai taka kara ya karya ba.

Ina da ƙaramin shago na buga takardu da fotokwafi, kuma yawancin masu zuwa wurina ɗalibai ne. Watan jiya wata 'yar ajin ƙarshe ta shigo da laftof a hannu, idanunta sun yi ja. Ta ce duk lokacin da ta kunna kwamfutar, wani ɗan akwati ke fitowa a tsakiyar allo da rubutun Turanci, sai ta danna OK ya ɓace, komai ya ci gaba da aiki lafiya. Amma abin ya dame ta, ta kai wa wani mai gyara. Ko karanta saƙon bai yi ba, ya ce mata bairos ne, sai fomatin. Ya goge komai. Babi uku na aikinta na kammala karatu suka tafi, babi ɗaya kawai ta tsira da shi a filas. Ta nuna mini hoton saƙon da ta ɗauka da waya tun kafin ta kai gyaran, na duba, raina ya ɓaci. Aikin minti goma ne.

A saman akwatin an rubuta RunDLL, a ƙasa kuma "The specified module could not be found", wato an nemi wani fayil ba a same shi ba. Har sunan fayil ɗin da inda ake zaton yake duk suna rubuce a wurin.

Su fayilolin DLL kamar turmi ne a gidan yawa. Ba kowace mace ke sayen nata ba, ɗaya ne a tsakar gida, mai daka ta ɗauka ta yi aikinta ta mayar. Haka manhajoji ke yi a Windows: maimakon kowace ta zo da nata umarnin buga takarda ko zana taga, sai su yi tarayya a fayil ɗaya. In turmin ya ɓace, duk wadda ta zo daka za ta yi cigiya. Saƙon nan cigiya ce kawai.

Sai dai a irin na wannan ɗalibar, ba turmin gida ba ne ya ɓace. Fayil ɗin yana cikin jakar AppData ne, inda manhajoji ke ajiye bayanansu, da wani suna na haruffa barkatai. Alama ce ta cewa wata muguwar manhaja ta shigo, wataƙila ta filas, irin wadda ke mayar da fayilolin mutum su koma shotkot, ta rubuta sunanta cikin jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta. Manhajar tsaro ta kama ta ta goge, amma sunan ya rage a jerin. Kamar malamin aji ne da ke kiran sunan yaron da aka riga aka kora. Maganin shi ne a soke sunan daga rajista.

Ga yadda nake yi. In danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, in shiga sashen Startup in kashe abin da ban yarda da shi ba. Mai Windows 7 sai ya rubuta msconfig a wurin bincike na Start. Sau da yawa sunan ba ya nan, yana ɓoye cikin Task Scheduler, wato inda Windows ke ajiye ayyukan da aka tsara su riƙa tashi da kansu. Shi ya sa na fi son Autoruns, wata ƙaramar manhaja kyauta daga Microsoft, wadda ke baje duk abin da ke tashi da kwamfuta, ta kuma shafa wa layin da fayil ɗinsa ya ɓace launin rawaya. A nemi sunan da saƙon ya ambata, a cire alamar da ke gefensa, a kashe kwamfuta a sake kunnawa. Ni cire alama nake yi, ba na gogewa, domin in na yi kuskure in iya mayarwa. Bayan nan a sa manhajar tsaro ta binciki kwamfutar duka da filas ɗin ma.

Akwai wani nau'in na daban, inda turmin ne da gaske babu. In saƙon ya ambaci VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll, to Microsoft Visual C++ Redistributable, wato ƙunshin fayilolin DLL da manhajoji da yawa ke tarayya a kai, shi ne babu ko ya lalace. A sauko da shi daga shafin Microsoft, a sa na x86 da na x64 duka biyu, domin manhaja mai bit 32 na x86 take nema ko da Windows ɗin mai bit 64 ne. In kuwa fayilolin Windows ɗin kanta ne suka lalace, abin da ke faruwa a wurinmu in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa kuma batiri ya mutu, a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa a rubuta sfc /scannow, a ba shi lokaci ya gama.

Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne shafukan nan da ke raba DLL ɗaiɗai. Ba ka san wanda ya ɗora fayil ɗin ba, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kuma ko mai kyau ne yana iya saɓawa da naka Windows ɗin. Mutum ya je neman maganin ciwon kai ya dawo da zazzaɓi.

Ba na cewa fomatin ba shi da rana. Akwai kwamfutar da ta ruɓe har sai an goge. Kuma da yawa cikin laftof ɗin hannu da ke yawo a gari suna kan Windows 7 ne, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, ita ma Windows 10 an rufe nata a ranar 14 ga Oktoba 2025. Amma ko za a goge, 'yan'uwana masu gyara, ku ji tsoron Allah ku kwashe wa mutum takardunsa tukuna. Aikin shekara guda ne a ciki, da kuɗin mota zuwa ƙauyuka tattara bayanai a ranar nan tamu ta Sakkwato.

Malam Edita, da za ku ware ɗan gurbi a shafinku na kimiyya ku riƙa fassara irin waɗannan saƙonni da Hausa, da an rage kuka. Ita dai ɗalibar tana zuwa shagona da yamma, muna sake buga babi na biyu daga takardun da ta rubuta da hannu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Mabera, Sakkwato