Masu neman sikolashif a waya: ku bi tushe, ku san lokaci

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da ɗalibai da iyayensu kan neman tallafin karatu ta kafafen sada zumunta. Ni malamin lissafi ne a sakandare, kuma tsofaffin ɗalibaina sukan dawo in rubuta musu takardar shaida idan za su nemi sikolashif. Abin da nake gani a wurinsu shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yawancinsu a gurguje suke zuwa. Yaro zai miƙo mini waya, ga sanarwa an turo masa a guruf ɗin WhatsApp, an rubuta da manyan baƙaƙe wai jibi za a rufe. Ba shi da fasfo. Bai karɓo cikakken sakamakonsa daga jami'a ba. Ko sau ɗaya bai taɓa zama ya rubuta dalilin da ya sa yake son kwas ɗin ba. Kuma yaro ne mai ƙwaƙwalwa, na san shi a aji. Sanarwar ce ta bi hannu da yawa kafin ta iso gare shi, waɗanda za su yi gogayya da shi kuwa tun bara suke shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da yaranmu ba su lura da shi ba, manyan shirye-shiryen nan duk suna da lokacinsu, kusan ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara. Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, yakan buɗe a watan Agusta ya rufe wajen Oktoba ko farkon Nuwamba. Na digiri na biyu ne, shekara ɗaya, kuma sai kana da gogewar aiki ta shekara biyu, wadda suka ƙiyasta da awa 2,800. Za ka zaɓi kwas uku, ka kawo mutum biyu da za su shaide ka, sannan ka yi alkawarin komawa ƙasarka na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Na gwamnatin Turkiyya yakan buɗe daga Janairu zuwa Fabrairu, yana da iyakar shekaru: ƙasa da 21 ga mai neman digiri na farko, ƙasa da 30 ga na biyu, ƙasa da 35 ga na uku, kuma za a fara koya maka harshen Turkanci na shekara guda. Na ƙasar Hungari yakan rufe a tsakiyar Janairu. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, wanda ɗalibi ke karatu a ƙasashe biyu ko fiye, yawanci tsakanin Oktoba da Janairu ake nemansa. Na gwamnatin Japan kuwa ta ofishin jakadancinsu ko ta jami'ar da ke can ake bi. Wanda ya san wannan tun yana shekarar ƙarshe a makaranta, ya san watan da zai nemi fasfo, da watan da zai zauna jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL idan jami'ar ta buƙata.

A nan ne kafafen sada zumunta suke da amfanin gaske. Masu ba da tallafin karatu irin su Chevening da DAAD ta Jamus da Fulbright ta Amurka da hukumar sikolashif ta Commonwealth duk suna da shafukansu na kansu a kafafe irin su Facebook da LinkedIn. Ka bi su, ka kunna ƙararrawar sanarwa, labari zai zo maka ranar da ya fito. Wasu lokuta har zaman tambaya da amsa suke yi kai tsaye. Abin da ya fi wannan ma daraja a wurina shi ne mutanen da suka riga suka samu. Da yawansu suna bayani a YouTube da X yadda suka tsara rubutunsu, da irin tambayoyin da aka yi musu a ganawa, da sau nawa aka ƙi su kafin a ɗauke su. A zamaninmu sai wanda ya san wani babba yake jin irin wannan bayani. Amma a yi ladabi wajen tuntuɓarsu. Saƙon “don Allah a taimaka mini da sikolashif” ba ya samun amsa. Wanda ya ce ga kwas ɗin da nake so, ga abin da na karanta a shafin hukumar, ga wurin da ban gane ba, shi ake kulawa. Kuma kada kowa ya kwafi rubutun wani da ya gani a intanet ya sa sunansa. Masu tantancewa sun karanta dubban irinsa.

Sai batun 'yan damfara, waɗanda sun fi kowa sanin halin da matasa ke ciki. Duk waɗannan shirye-shirye da na ambata ba sa karɓar kuɗin cike fom. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi a asusunsa don ya “riƙe maka gurbi”, ɓarawo ne. Haka sanarwar da ta ce sai ka tura ta guruf biyar kafin fom ya buɗe, ko wadda ta nemi lambar katin bankinka, ko lambar sirrin da aka aiko maka a waya. Da wannan lambar suke ƙwace wa mutum WhatsApp ɗinsa su shiga roƙon 'yan'uwansa da sunansa. Shuɗin makin da ake gani gefen suna ma ya daina zama hujja, tunda tun 2023 sayensa ake yi a X da Facebook. Ni abin da nake sa ɗalibaina su yi mai sauƙi ne: su rufe sanarwar, su rubuta sunan shirin da kansu a Google, su duba adireshin harafi bayan harafi. Na Chevening chevening.org ne, na DAAD daad.de. Idan labarin ba ya can, babu shi.

Karatun kansa ma yana cikin wayar. Khan Academy ya samo asali ne daga bidiyoyin lissafi da Salman Khan ya fara ɗorawa a YouTube a 2006 don koya wa 'yan'uwansa, kuma har yau kyauta ne. Jami'ar MIT ta fara sakin darussanta ga duniya tun 2002, Harvard kuma tana ɗora kwas ɗinta na kwamfuta mai suna CS50 gaba ɗayansa a YouTube. Na ga wata ɗalibata da lissafin kalkulas ya gagare ta a aji, ta riƙa sauke bidiyo idan ta samu intanet mai ƙarfi, tana kallo da biro da takarda, tana tsayar da shi ta gwada tambayar kafin malamin ya warware. Da biro da takarda na ce, domin kallon darasi a kwance kallo ne kawai. Manhajojin nan kuma abin da ka saba tsayawa a kai shi suke ƙara turo maka. Wanda ya yi mako yana bin shafukan karatu zai ga shafinsa ya sauya.

Iyaye, na san da yawanmu ƙwace waya muke yi idan rai ya ɓaci, kuma wani lokacin da dalili. Amma kafin a ƙwace, a ce wa yaro ya nuna shafukan da yake bi. Amsar tana nan.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne jaridar nan ta ware ɗan gurbi a farkon kowane wata, ta jera shirye-shiryen da za su buɗe nan da wata uku, da sharuɗɗansu cikin Hausa, da adireshinsu na gaskiya bayan wakilanku sun tantance. Ku ɗora shi a shafukanku na Facebook da WhatsApp ma, inda yaran suke.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin lissafi