Mun Koma Lamaji: Kira Kan Sababbin Unguwannin Bakin Njamena

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirin da kuka gabatar kwanakin baya game da tsadar kuɗin haya a manyan biranenmu, inda masu sauraro da dama suka ba da shawarar cewa wanda haya ta ishe shi ya nemi fili a bayan gari ya kafa nasa. Ni na bi wannan shawara tun kafin a ba da ita, domin yau shekara huɗu ke nan da na kwashe iyalina daga Ambasatna, cikin tsohon garin Njamena, na koma Lamaji da ke gunduma ta 10, a bakin birni ta arewa. Ban yi nadama ba, kuma ina gode wa Allah da ya ba ni inda zan kira nawa. Sai dai akwai abubuwan da ba a faɗa a shirin ba, waɗanda wanda ya kwana a wurin ne kawai ya san su, kuma ina ganin hakki ne a kaina in faɗe su.

Kakana ya baro ƙasar Kano a ƙafa da niyyar aikin Hajji, kamar dubban Hausawan da suka bi wannan hanya ta gabas, sai guzuri ya ƙare masa a nan lokacin ana kiran garin Fort-Lamy, ya tsaya neman na ci gaba da tafiya, har Allah ya yi a nan kabarinsa yake. A gidan da ya gina aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Lokacin da nake yaro ba ma jin sunan Lamaji sai idan an yi rasuwa, saboda a nan babbar maƙabartar Musulmin birnin take. Idan muka rako gawa, abin da muke gani bayan gidajen ƙarshe shi ne fili fetal, da aduwa jefi-jefi, da tumfafiya, da makiyaya suna kora raƙuma da awaki. Yau gidaje sun kewaye wajen sun wuce, suna bin hanyar da ta nufi Jarmaya da Masaget, har mutum ba zai iya nuna inda gari ya ƙare ba.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. A ƙidayar 1993 mutanen Njamena sun ɗan haura rabin miliyan, a ta 2009 kuwa sun kusa cika miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin ba a daina shigowa ba. Akwai irinmu da gidan gado ya yi wa kaɗan, bayan an raba shi tsakanin magada har kowa ya tashi da ɗaki ɗaya da rabin zaure. Akwai waɗanda rushe-rushen gidaje na 2008 suka tasa daga tsakiyar gari, akwai waɗanda ambaliyar 2022 ta kora daga Waliya da sauran unguwannin bakin kogin Shari da Logon, sannan ga mutanen Kanem da Bata da yankin Tafkin Chadi da fari ko rashin tsaro ya raba da gonakinsu da dabbobinsu. Kowa da abin da ya koro shi, amma duk a fili ɗaya muka haɗu.

Matsalar farko tana farawa tun kafin a aza tubali. Yawancin filayen nan daga hannun bulama, wato mai unguwa, ko magadan masu gona ake sayensu, a ba ka takardar shaidar ciniki mai sa hannun shaidu, ka tafi kana ganin ka mallaka. Dokokin ƙasa na 1967 kuwa, waɗanda har yanzu su ne ginshiƙi, sun ɗauki duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba a matsayin ta gwamnati, kuma hanyar samun cikakkiyar takardar mallaka doguwa ce mai cin kuɗi, shi ya sa talaka yakan tsaya a takardar farko. Ni kaina, wata uku bayan na biya, na zo na tarar an sauke yashi a filina, wani bawan Allah riƙe da takarda irin tawa sak, ranar ciniki ce kawai ta bambanta. Sai da dattawa suka zauna sau uku kafin wanda ya sayar mana ya amince ya ba shi wani filin. Tun daga ranar na fahimci abin da ya sa kowa a nan yake fara gina katanga da ƙofar ƙarfe kafin ɗakin kwana. Wannan tsoro ne ya sa idan ka shigo layinmu za ka ƙirga katanga goma sha biyu, amma gida biyar ne kawai ake hura wuta a cikinsu, sauran masu su suna cikin gari suna jiran fili ya yi daraja.

Abin da ya fi komai ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ruwa. Bututun famfo bai iso layinmu ba, don haka wanda yake da hali yakan haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, wadda a nan muke kira foraj, wanda ba shi da hali kuwa sai ya jira masu tura kura da jarkoki. A shekararmu ta farko, kafin in iya haƙa tawa, uwargidana takan tashi tun kafin kiran assalatu ta tsaya a ƙofa tana sauraren ƙarar kura, domin idan rana ta ɗaga farashin jarka yakan tashi, wani lokaci ma a rasa gaba ɗaya. Na ga yadda take raba jarka ɗaya gida uku: na sha a randa, na girki a tukunya, sauran kuma a yi wa yara wanka a cikin baho don a sake amfani da shi wajen wanki, a ƙarshe a zuba wa ɗan darbejiyar da muka dasa. A Ambasatna ba ta taɓa lissafin ruwa haka ba.

Da na haƙa rijiyar na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Ruwan ƙasa a Njamena ba shi da nisa, shi ya sa masu haƙa da hannu suke cim masa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma shi ya sa aikin yake da sauƙin kuɗi. Amma wannan kusancin shi ne haɗarinsa, domin kowane gida yana da salgarsa, filayen kuma ƙanana ne, ta yadda rijiyar wani takan kasance taku kaɗan daga masan maƙwabcinsa, katanga ce kawai a tsakani. Babu wanda ya zo ya auna mana tazara, babu wanda ya gwada ruwan. A daminarmu ta biyu 'yata ƙarama ta yi ta fama da gudawa da zazzaɓi, muka yi ta zarya zuwa asibiti a cikin gari, sai wani ma'aikacin lafiya ya tambaye ni daga ina muke shan ruwa, kuma ina masai yake. Tun daga ranar muke tafasa na sha ko mu sa masa maganin tsarkake ruwa. Ina tunanin gidaje nawa ne a layukan nan ba a taɓa yi musu wannan tambaya ba.

Sai zafi. Duk mutumin Njamena ya san watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake haura 40 kusan kullum, amma zafin tsohon gari daban yake da na nan. Can akwai katangun ƙasa masu kauri, da lunguna masu inuwa, da manyan darbejiyoyin da aka dasa tun kafin a haife mu. A nan kuwa bulon siminti ne da rufin kwano a tsakiyar fili, babu itace ko ɗaya da ya kai tsayin mutum biyu. A azumin 2024, wanda ya faɗo a tsakiyar bazara, na shiga ɗaki da azahar na taɓa ƙarfen gado na janye hannuna. Mahaifiyata, wadda ta zo mana kwana biyu, sai da muka jiƙa zane muka lulluɓa mata, muka shimfiɗa mata tabarma a gindin katanga ta gabas. Wutar lantarki ba ta zo ba, kuma a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai yake samunta ban sa rai za ta zo gobe ba. Faranti biyu na sola da batir ɗaya su ne suke juya mana fanka har tsakar dare.

Itatuwan da na gani ina yaro gatari ne ya cinye su, wasu aka yi gawayi, wasu aka ƙona jan bulo da su, sauran kuma masu share fili suka tumɓuke. Gwamnati ta hana gawayi tun ƙarshen 2008, a shekarar kuma ta ƙaddamar da dashen itatuwa don yi wa birnin ɗamara ta wajen ƙauyen Gawi, kuma niyya ce mai kyau. Amma gari ya fi dashen sauri. Idan hunturu ya taso daga arewa maso gabas babu abin da yake tare shi kafin ya iso ƙofarmu, ƙura takan kwanta a kan tuwo kafin a gama ci, yara kuma su yi ta tari har sanyi ya wuce.

Wanda ya zo ganin fili a watan Fabrairu zai rantse ruwa bai taɓa kwana a nan ba. Ya dawo a watan Agusta ya gani. Ƙasar Njamena shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, kuma akasarinta laka ce da ba ta shan ruwa, saboda haka duk abin da sama ta zubar a nan yake zama. An gina manyan magudanai da tashar tura ruwan sama a wannan ɓangare na birni, aiki ne da ya cancanci yabo, sai dai ruwan lungunanmu ba shi da hanyar da zai bi ya kai can, domin an yanka filaye ba tare da an bar masa mafita ba, kowa kuma yana cike ƙofar gidansa da ƙasa yana tura wa na kusa. Ramukan da aka ɗebi ƙasar bulo sun zama kududdufai masu zurfin da ya fi tsayin babban mutum, yara suna wasa a bakinsu, sauro yana haihuwa a cikinsu. A daminar bara naƙuda ta kama matar maƙwabcina da dare, mota ta kasa shigowa, 'yan kilando, wato masu babur na haya, suka ƙi, sai a amalanken doki muka fitar da ita zuwa bakin kwalta, mu huɗu muna turawa cikin taɓo har gwiwa. Allah ya sauke ta lafiya, amma har yau idan hadari ya haɗu ina ganin mijin yana duban sama.

Game da nisa ba zan tsawaita ba. Ina da rumfa a kusa da babbar kasuwa, kuma abin da nake kashewa a kan babur da mai kowane wata ya cinye kaso mai yawa na kuɗin hayar da na ce na huta da shi. Abin da ya fi wannan zafi shi ne zumunci, domin suna ko ta'aziyyar da a da nake zuwa a ƙafa yanzu sai na ware mata yini.

Ba zan yi wa unguwata rashin adalci ba. Maƙwabtana Larabawa ne da Gorane da Kanembu da mutanen kudu, da Larabcin Chadi muke gaisawa, kuma wahala ta haɗa mu fiye da yadda na zata. Mu muka yi karo-karo muka gina masallacin layi, mu muka sayi ƙasa mota biyu muka cike ramin da ya fi kusa da gidaje, kuma wanda ya riga ya haƙa rijiya ba ya hana na kusa ɗiba. Yarana suna da tsakar gidan da za su yi gudu, abin da ban samu ba a gidan gado. Darbejiyar nan da aka raina da ruwan wanki yanzu ta wuce katanga.

Kirana ga hukumomin birni da na filaye shi ne su riga masu sayarwa isa wurin. A yanzu haka, arewa da mu, ana ta kafa turaku a gonakin da nan da shekara biyar za su zama unguwanni, kuma yau ne ake iya shata titi, a bar hanyar ruwa, a keɓe filin makaranta da asibiti da kasuwa, a kuma tsare su kada a wayi gari an yanka an sayar. Bayan an yi gini, gyara ba ya yiwuwa sai da rusau, kuma mun ga abin da rusau yake yi wa iyali. Ina roƙon a sauƙaƙa wa talaka hanyar rajistar fili, a sa ma'aikatan lafiya su zagaya su gwada ruwan rijiyoyinmu su koya wa masu haƙa tazarar da ta dace, a kuma wajabta wa duk mai katangar da ba kowa a ciki ya dasa itace biyu a ƙofarta ya kula da su.

'Yan'uwana masu niyyar tasowa kuwa, kada kowa ya biya kuɗin fili sai ya taka shi da ƙafarsa a tsakiyar damina, ya tambayi waɗanda suka riga shi zama inda ruwa yake kwanciya, ya kuma binciki takardar a ofishin filaye kafin ya miƙa ko dala. Idan da hali, dangi ko abokan sana'a su sayi filaye kusa da juna, su haɗa kuɗi su haƙa rijiya ɗaya mai zurfi nesa da salga, maimakon kowa ya haƙa gajeriya a gidansa.

A ƙarshe, Malam Edita, ina roƙon ku turo wakilinku ya zo Lamaji a watan Agusta, ya ji daga bakin matan da suke raba jarka gida uku da masu tura kura da bulamomin kansu. Idan ya iso bakin kwalta ya tambayi masallacin layinmu, ni zan fito in tarye shi, kuma zan tanadar masa takalmin roba.

Wassalam.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Lamaji, gunduma ta 10, Njamena, Chadi.