Wasiƙa daga Kolon a kan tikitin jirgin ƙasa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara baki ɗaya. Saƙonka ya iso ni, kuma na ga tsarin da ka yi wa tafiyar dogon hutu: ku sauka Faris, ku wuce Amsterdam, ku biyo ta wurinmu a Kolon ta Jamus, daga nan Munich da Biyana ta Ostiriya, sannan ku gangara Italiya ku tashi daga Rum. Tambayarka ita ce ko ku sayi katin nan na Eurail wanda ake hawa jiragen ƙasashe da yawa da shi, ko kuwa ku riƙa yankar tikiti zango-zango.

Katin iri biyu ne. Interrail na mazauna Turai ne kamar ni, Eurail kuma na waɗanda ke zaune a wajenta, saboda haka shi ne naku. Babban katin yana aiki a ƙasashe 33, kuma akwai na kwana 4 ko 5 ko 7 da mutum zai zaɓa a cikin wata guda, ba lallai a jere ba. Na kwana 4 a aji na biyu ya kusa Yuro 300 ga babban mutum, wato kowace ranar tafiya tana kamawa wajen Yuro 70. Wannan lambar nake so ka riƙe, domin duk zangon da tikitinsa bai kai haka ba, hawa shi da kati asara ce. Abin kamar sayen buhu ne da sayen mudu: buhu yana da sauƙi ne kawai ga gidan da zai cinye shi.

Inda katin ke jan hankalin mai iyali shi ne batun yara. Yaro mai shekara 4 zuwa 11 ba a biya masa, kuma kowane babba yana iya ɗaukar biyu, don haka 'yarka mai shekara 9 ta tsira, auta kuwa da bai kai 4 ba ko kati ba ya buƙata. Amma babban yaronka ya kai 13, sai an saya masa katin matasa, wanda rangwamensa bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba. Ga kuma abin da masu tallar katin ba su cika faɗa ba: a jiragen dogon zango na Deutsche Bahn, wato kamfanin jirgin ƙasa na Jamus, yaron da bai kai shekara 15 ba kyauta yake tafiya tare da babba, muddin an shigar da shi a tikitin tun wurin saye. Ashe ke nan daga Kolon zuwa Munich tikiti biyu kawai za ku biya, yara ukun duka su shiga, alhali da kati sai ka biya wa mutum uku.

Sai kuɗin kama kujera, wanda shi ne ke ɓata lissafin mutane da yawa. A Jamus da Ostiriya yawanci kati ya isa, ka shiga jirgi ka nemi wuri. A Faransa da Italiya kuwa jiragen gudu irin su TGV da Frecciarossa ba a shigarsu sai da kujerar da aka kama aka biya daban, kuma yarinyar da katinta kyauta ne ita ma sai an biya mata. Jirgin Faris zuwa Amsterdam na Eurostar ne, kuɗin kujerarsa ya fi na sauran, kuma wuraren da suke ware wa masu kati ƙayyadaddu ne, a watan Yuli da Agusta suna ƙarewa tun da wuri. Ka ƙara da cewa katin ba ya aiki a jiragen Italo na Italiya da Ouigo na Faransa, waɗanda sau da yawa su ne masu araha, kuma ba ya biyan jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas na cikin gari. Ko a Jamus ɗin ma ban ba ka shawarar shiga ba kujera ba. Ranar Juma'a da yamma a tasharmu za ka ga ɗan allon da ke saman kowace kujera ya nuna an riga an kama ta, mutane na zaune a kan akwatunansu a bakin ƙofar tarago, kuma wannan ba yanayin da za ka so Hajiya ta shiga da goyo ba ne.

Idan aka tsaya a nan, tikitin zango-zango ne ya ci, domin masu rangwame na Jamus da Ostiriya suna farawa ne daga kuɗi kaɗan ƙwarai ga wanda ya saya da wata biyu ko uku a gaba. To amma sharaɗinsu yana da tsauri: na jirgi guda ne a sa'a guda, mafi arahar cikinsu ba a mayar da kuɗinsa, kuma farashin yana hawa yayin da rana ke matsowa. A nan ne biza ta shigo cikin maganar. Mai fasfon Nijeriya ba ya sayen tikitin da ba a mayarwa kafin ya ga biza a hannunsa, kuma idan ta fito saura mako biyu, arahar ta riga ta wuce. Kati kuwa farashinsa ba ya motsi da kusantowar rana, kuma ana da wata 11 bayan saye kafin a fara aiki da shi. Dokar Shengen, wato ta bizar bai-ɗaya da ake shiga waɗannan ƙasashe da ita, ta yarda a nemi biza tun wata 6 kafin tafiya, don haka ka shigar da takardunku da zarar lokacin ya buɗe. Landan da ka ambata a ƙarshen saƙonka ka ajiye ta gefe, tunda Birtaniya bizarta daban ce.

Shawarata ita ce, in biza ta fito da sauran wata biyu ko fiye, ka bar katin, ka yanki tikitin kowane zango a shafin kamfanin jirgin ƙasar da abin ya shafa, ka fara da Faris zuwa Amsterdam tunda shi ya fi saurin tsada. In kuwa ta makara, ka sayi katin kwana 4 ka kashe shi a kan zanguna masu nisa kaɗai, irin su Kolon zuwa Munich da Biyana zuwa Italiya, gajerun kuma ka biya su da hannu. Ka kuma bar tazara mai kyau a duk inda za ku sauya jirgi da tikiti daban-daban, domin idan na farko ya makara, kamfani na biyu ba lallai ya ɗauki nauyinku ba.

Ka turo mini ranakun da kuka tsayar, in duba farashin kowane zango daga nan in aiko maka. Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Allah ya sa a yi tafiya lafiya.

Naka amini,
daga Kolon, Jamus