Yadda ake auna tsufan jirgin sama: misalin DC-3

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini don mu gyara wata fahimta da ta yi kaka-gida. Duk lokacin da jirgin sama ya yi hatsari, tambayar farko ita ce shekarunsa nawa, da an ji ya haura 30 sai a ce ai ga dalilin nan. Masu gyaran jirgi ba da kalanda suke auna tsufa ba. Abu uku suke dubawa a littafin tarihin jirgin: awa nawa ya yi a sama, sau nawa ya tashi ya sauka, da kuma inda tsatsa ta ci. Waɗannan muke so wakilanka su riƙa tambaya.

Babu misalin da ya kai Douglas DC-3, jirgi mai farfela biyu da ya fara tashi ran 17 ga Disamba, 1935, a Santa Monica ta Amurka, ya shiga ɗaukar fasinja a 1936 da kujeru 21. Na farar hula 607 aka ƙera, amma yaƙin duniya na biyu ya sa aka yi fiye da dubu 10 samfurin soja mai suna C-47, waɗanda bayan yaƙi aka sayar wa kamfanoni da araha. Har yau akwai waɗanda ke aiki a Kanada da Kolombiya, duk da cewa tun tsakiyar shekarun 1940 aka daina ƙera shi a Amurka.

Babban sirrin shi ne ba a matsa iska a cikin gangar jikinsa. Jirgin zamani yana hawa ƙafa dubu 35, inda numfashi ba ya yiwuwa, don haka ake hura masa iska a ciki. Kowane tashi gangar takan ɗan kumbura, kowace sauka ta sace, kamar waya ce ake lanƙwasawa ana miƙewa har ta gaji. Tsaga takan fara daga ramukan ƙusoshin ribit da kusurwar tagogi. Wannan ne ya tarwatsa jiragen Comet biyu na Ingila a 1954 suna sababbi, shi ne kuma ya yaye rufin wani Boeing 737 a Hawayi a 1988, yana da shekara 19 kacal amma ya tashi ya sauka fiye da sau dubu 89. DC-3 a wajen ƙafa dubu 10 ko ƙasa da haka yake yawo, wannan gajiya ba ta same shi ba.

Fiffikensa ma an gina shi ɗaki-ɗaki ne, ginshiƙai uku da haƙarƙari masu yawa, fatar alminiyam ɗin kanta tana ɗaukar kaya. In tsaga ta kama wuri guda, nauyin yana da wasu hanyoyin bi. To amma yana da lagonsa. Fiffiken waje ana ɗaure shi da na tsakiya da ɗaruruwan noti a kan wani kusurwaccen ƙarfe da ya zagaye mahaɗar, kuma a nan tsaga ke ɓuya. Hukumomin jiragen sama sun wajabta binciken wurin lokaci-lokaci: a kankare fenti, a shafa rini mai kutsawa cikin tsaga ko a bi da na'urar lantarki, a sake duk abin da aka yi shakka a kansa. Tsatsar alminiyam ba ja ba ce irin ta baƙin ƙarfe. Farin gari ce kamar toka, wani lokaci fenti ya ɗan tasa kamar ƙurji, ka taɓa da tsinke ƙarfen ya ɓare ganye-ganye. A neme ta ƙarƙashin daɓen jirgi, kusa da makewayi, ɗakin batir, da inda hayaƙin salansa ke bi. Sassan wutsiya da na fiffike masu juya jirgin kuwa da ƙyalle aka rufe su, rana na cinye shi, dole a sake shi bayan wasu shekaru.

Inji shi ne ke cin kuɗi da haƙuri. Yawancin jiragen DC-3 suna ɗauke da injin Pratt & Whitney R-1830, silinda 14 a jere biyu masu zagaye, ƙarfin doki 1,200, fulogi biyu a kowace silinda. Da yake wasu silindodin kansu a ƙasa yake, in jirgi ya kwana a ajiye, baƙin mai yakan tsiyayo ya taru a cikinsu. Mai ba ya matsuwa kamar iska. A tayar da injin a haka, fistin zai daki man, sandar da ke haɗa shi da karanshaf ta lanƙwashe, wani lokaci ba za ta karye ba sai bayan awanni, jirgi yana sama. Shi ya sa kafin tayarwa ake tabbatar da wuta a kashe take, a juya farfela a hankali ta bangaren da take juyawa har injin ya zagaya sau da dama. In ta cije, a tsaya. Kada a mayar da ita baya, domin hakan tura man yake cikin bututun shigar iska, ya dawo da zarar inji ya kama. A kwance fulogin silindodin ƙasa, a bar man ya zube, a wanke su a mayar.

Wani DC-3 da aka ƙera a 1939, wanda yanzu yake gidan tarihi na Henry Ford a jihar Mishigan, ya yi awa 84,875 a sama kafin a ajiye shi a 1975. A cikin wannan tafiya ya ci injuna 136 da tayoyi 550. In ka raba, tunda injuna biyu ke aiki a lokaci guda, a matsakaici kowane inji bai wuce awa 1,250 ba aka sauke shi don garambawul. Gangar ce ta daɗe, kusan duk abin da ke motsi a jikinta an sake shi sau da yawa.

Ganganci kuma ba ya jiran tsufa. A Janairun 1947 wani DC-3 ya faɗi yana tashi daga Kofanhagen, har yarima Gustaf Adolf na Suwidin ya rasu a ciki, saboda an manta ba a cire makarin da ake sa wa wutsiya don kada iska ta kaɗa ta a ajiye ba.

Abin da ke fitar da wannan jirgi daga aiki yau shi ne fetur ɗinsa mai dalma da ke wuyar samu a filaye da yawa, ƙarancin kayan gyaran injin, da ƙarewar makanikan da suka san shi. Dokoki ma sun taka rawa: a 2008 ƙa'idojin Tarayyar Turai kan kayan ceto suka dakatar da ɗaukar fasinjan haya da shi a Ingila. Kamfanin Basler da ke Oshkosh a jihar Wiskonsin ya samo mafita tun wajen 1990. Yana kwance tsohuwar gangar gaba ɗaya, ya sake abin da ya lalace, ya ƙara mata tsawon inci 40, ya ɗora injunan PT6A masu shan kananzir irin na jiragen zamani da farfela mai ganye biyar. Irin waɗannan ne ake ɗaura wa takalman sulɓi suna kai masu bincike da kayansu sansanonin Antaktika.

Wassalam.