Haɗa ƙaramin jirgin yaƙi na roba ba wasan yara ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani aikin hannu da mutanenmu ke ma kallon shirme, wato haɗa ƙananan jiragen sama na roba da yi masu fenti. Ni malamin zanen fasaha ne a wata sakandare nan cikin Katsina, kuma na gaji da jin ana cewa wai babba da gemu ya zauna yana wasan yara, alhali wlh abin da ke cikin aikin nan na awo da lissafi da tarihi ya fi abin da wasu yaranmu ke kwasowa a zango guda na karatu.

Wanda na gama kwanan nan tsohon kwali ne na kamfanin Airfix na Ingila, irin wanda suka fara fitarwa tun shekarun 1960, na same shi wajen 'yan gwanjo cikin tarkacen kayan wasan yara da ake zubewa a ƙasa, kwalin duk ya yi laushi amma ledar ciki ba a taɓa buɗe ta ba. Jirgin da ke ciki sunansa Vought OS2U Kingfisher, na sojan ruwan Amurka ne a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke ce ma yaƙin Hitila. Ya fara tashi a 1938 kuma an ƙera sama da guda 1,500. A ruwa yake sauka, wani dogon kwale-kwale ne guda ɗaya a ƙarƙashin cikinsa sai wasu ƙanana biyu ƙarƙashin fukafukai don kada ya kife, mutum biyu yake ɗauka, matuƙi a gaba da mai rediyo da bindiga a baya, injinsa na kamfanin Pratt & Whitney ƙarfin doki 450 ne kacal, to ka ga ba jirgin gudu ba ne ko kaɗan.

Yadda ake tada shi ma abin ji ne. A bayan manyan jiragen ruwa na yaƙi ake ɗora shi bisa wani dogon ƙarfe, sai a harba shi sama da ƙarfin albarushi, ya je ya leƙo inda abokan gaba suke ko ya riƙa faɗa ma masu igwa ta rediyo inda harsashinsu ke faɗawa su gyara saiti. In ya dawo sai babban jirgin ya yi kwana don ruwan gefensa ya kwanta, shi kuma ya sauka nan ya matso a sa ƙugiya a ɗaga shi a maida shi mazauninsa. Amma abin da ya fi fito da sunansa ceton mutane ne. A watan Nuwamba 1942 irinsa ne ya ɗauko Eddie Rickenbacker, shahararren matuƙin Amurka tun yaƙin farko, bayan jirginsu ya faɗa tekun Fasifik sun yi sama da sati uku suna yawo bisa kwale-kwalen roba, kuma da yake ba wurin zama ga nauyi ya hana tashi, ɗaure shi aka yi bisa fiffike jirgin ya yi ta tafiya a kan ruwa cikin dare. Haka a Afrilu 1944 kusa da tsibirin Truk, wani Kingfisher na babban jirgin ruwan yaƙi mai suna North Carolina ya kwashi matuƙan da aka harbo suka hau fukafukansa ya ja su har wajen jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Tang, shi kuma Kingfisher ɗin ya lalace sai nutsar da shi aka yi. Duk wannan na karanto shi ne saboda ina son in san wane launi zan shafa ma roba.

A jikin kwalin an rubuta 1/72, ma'ana duk inci ɗaya a jikin ƙaramin daidai yake da inci 72, wato ƙafa 6, a jikin na gaske. Faɗin fukafukan Kingfisher ya kusa ƙafa 36, to ƙaramin zai zama inci 6 ke nan, wajen santimita 15, bai wuce tafin hannu da 'yan yatsu ba. Yaron da ya gane wannan da hannunsa ba zai ƙara ruɗewa da sikelin taswira ko zanen gini ba, ni shaida ne.

Sai dai tsohon kwali ba ya tausayin mutum, kuma ni nan ne nake ganin amfaninsa. Na zamani komai ya zauna cif, kana haɗawa yana shiga. Wannan kuwa duk ɓangaren da ka yanko daga firam ɗinsa, wato sandunan robar da ke riƙe da sassan, sai ka tarar da rarar roba a gefe sai ka sa reza ka kankare ka bi da samfefa mai laushi, layukan jikinsa da kan kusoshi a tashe suke ba a ciki ba saboda haka in ka cika gugar sai ka shafe su, ɓarin gangar jikin dama da na hagu kuma ba sa haɗuwa baki da baki sai ka gwada ba gam ka gyara ka sake gwadawa kafin ka ɗiga komai. Gam ɗin ainihi na wannan aikin narkar da robar yake ya haɗe ta, shi ya sa kaɗan ake sawa da bakin tsinke, in ya yi yawa ya taɓa yatsanka ka dafa jikin jirgin to shatin yatsan ya zauna ke nan. Inda rami ya rage ni supa gulu nake ɗigawa in barbaɗa bakar soda a kai, nan take ya sandare in goge tun bai yi tauri sosai ba. Fiffiken da ya lanƙwashe saboda daɗewa a ajiye kuwa ruwan zafi ake tsoma shi, ba tafasasshe ba, a miƙar da hannu a hankali sannan a sa cikin ruwan sanyi.

Inda ake gane haƙurin mutum shi ne kwale-kwalen nan. Babban na tsakiya bisa ƙafafu yake tsaye, ƙananan na gefe kowane da siraran sanduna da sai da hantsaki ake kama su, kuma in ɗaya ya karkace ko da kaurin farce ne duk wanda ya kalli jirgin ta gaba sai ya gani. Kwalayen ashana na jera na tokare fukafukan tsayi ɗaya, na kwantar da kaina bisa tebur ina leƙe ta hancin jirgin ina ɗan turawa da tsinke kafin gam ya kama, na bar shi ya kwana ban taɓa ba. Wayoyin da ke ɗaure kwale-kwalen ba sa zuwa cikin kwali, kai za ka yi su, ka yanko guntun firam ɗin da ya rage ka riƙe shi sama da harshen kyandir kana jujjuyawa, da ya fara sheƙi ya saki sai ka janye daga wuta ka ja hannu biyu a hankali, sai ka ga ya miƙe ya koma siririn zare mai tsayin kamu guda, ka yanka gwargwadon bukata. Gilashin saman matuƙa dogo ne mai sanduna da yawa, kada a kuskura a sa mashi supa gulu don hayaƙinsa farar da gilashin yake, farin gam na kafintoci shi ne daidai tunda in ya bushe ba a ganinsa.

Fenti kuma a garin nan sai da dabara. Da farko a wanke jirgin da ruwan omo a bar shi ya bushe saboda maiƙon hannu. Ƙananan gwangwanayen fentin Humbrol da aka saba aikin da su wuyar samu gare su nan, ni na ruwa irin na masu zane nake haɗawa in tsinka shi sosai in shafa da ƙaramin burushi sau da yawa ina bari yana bushewa, shafa ɗaya mai kauri cike layuka take. Kuma don Allah kada kowa ya karɓo sinadarin tsinka fenti wajen masu feshin mota, wancan cin robar yake. Babban abokin gaba dai ƙura ce, musamman da hunturu, shi ya sa bayan sallar asuba nake yi kafin iska ta taso, in yayyafa ruwa a tsakar ɗaki, ina gamawa in kifa babbar roba a kai.

Launin ma ba yadda mutum ya ga dama ba ne, shekara yake bi. Har zuwa ƙarshen 1940, kafin Amurka ta shiga yaƙin, saman fukafukan rawaya ne fes. A 1942 shuɗi mai toka-toka ne a sama toka mai haske a ƙasa, shi na zaɓa. A 1943 suka koma launi uku, shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, sai fari a ƙasa. Tauraron tambarin Amurka da ke jiki da can akwai jan ɗigo a tsakiyarsa, a watan Mayu 1942 aka cire shi don kada a ɗauka jan da'irar Japan ce a harbo nasu, a tsakiyar 1943 kuma aka ƙara mashi fararen sanduna a gefe. Sitikun da ke cikin tsohon kwali na jiƙawa ne a ruwa, sun yi rawaya saboda tsufa, sai na liƙa takardar jikin gilashin taga rana ta buge ta ta washe, ranar Katsina ai ba ta wasa, sannan na shafa mata banish siriri don kada ta wargaje cikin ruwa.

Halan wani zai ce mi ya haɗa Bakatsine da jirgin teku, mu da ruwanmu bai wuce dam ɗin Zobe da Jibiya da Ajiwa ba. To yaƙin nan ai bai tsallake mu ba. Daga 1940 jiragen yaƙin Ingila cikin akwatuna ake kawo su Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a haɗa su can su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, su wuce Khartum har Alƙahira. Kakanninmu kuma an kwashe su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma an kai su ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, har yau akwai gidajen da ake ba da labarinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran unguwanninmu tuni suna da hannun. Ka zaga Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa ka ga motar gwangwanin madara mai tayar silifas da jirgin kara har da farfela mai juyawa, ba wanda ya koya masu, abin da suka rasa kawai awo ne da wanda zai ce masu aikin nan yana da daraja, sai dai a kore su a ce suna tara shara. Ba sai an jira kwalin Ingila ba, da tsadar dala ma wa zai iya, zanen jirgi ta gaba da ta gefe da ta sama yana nan a intanet kyauta, malami ya buga a takarda ya ba yara ruula da totuwar kara da kwali da reza ya ce su fitar da shi a sikeli, a ba da maki kan wanda awonsa ya fi dacewa ba wanda ya fi ƙyalli ba. Muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da gyaransa a Zariya tun 1964, masu shiga can ba daga sama suke faɗowa ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, ko sau ɗaya a wata a ware ɗan gefen shafi da masu karatu za su riƙa turo hoton abin da suka haɗa da hannu, a rubuta awonsa da kayan da aka yi shi da su da garin mai shi. In an buɗe, ni zan fara turo na ɗalibaina kafin nawa.

Wassalam,
Mai karanta ku kullum, malamin makaranta daga Ƙofar Ƙaura, Katsina