Tauraron ɗan Adam ba ya leƙa rijiyar mai albasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ana ta cewa tauraron ɗan Adam na iya gaya mana abin da ya rage na ruwan ƙarƙashin ƙasa. Haka ne, amma da sauran magana, musamman ga masu noman rani a jihar Tawa.

Taurarin da ake nufi su ne GRACE, na Amurka da Jamus, da aka harba a 2002, sai GRACE-FO da suka gaje su a 2018. Biyu ne, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kilomita 220. Ba hoto suke ɗauka ba, nauyi suke aunawa: in na gaba ya iso yankin da ruwa ya ƙara wa nauyi, ƙasa ta ɗan fizge shi, tazarar ta canja. Daga jimillar ruwan da aka auna sai a cire damshin ƙasa da ruwan tabkuna, ragowar shi ne na ƙarƙashi. Da haka aka gano arewa maso yammacin Indiya ta rasa ruwan ƙarƙashin ƙasa kilomita kubik 109 daga 2002 zuwa 2008.

Sai dai idonsu ba ya rarrabe abin da bai kai faɗin kilomita 300 ba, fadamun Tarka da Majiya kuwa zare ne a wannan faifai. Ga shi a kewayen Yamai ruwan ƙarƙashin ƙasa hawa ma ya yi, kimanin mita 4 daga 1963 zuwa 2007, don sarar daji ta sa ruwan sama gangarawa tabkuna yana nutsewa. To taswira na iya nuna ƙari, alhali mai albasa a Madawa na haƙa rami yana saukar da injinsa, tunda injin tsotso ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8.

Wanda zai yi mana amfani shi ne Sentinel-2, tauraro mai ɗaukar hoton ƙasa: hotunansa kyauta ne, yana dawowa duk kwana 5, yana ganin fili mai faɗin mita 10. A Fabrairu a ƙidaya hektocin da ke kore, a ninka da mita kubik 3,500 zuwa 5,500 na ruwa da hekta guda ta albasa ke sha daga shuka zuwa girbi, a san ruwan da ake kwasa. A kula da gawo, da rani yake ganye, yakan shiga lissafi a matsayin garka.

Sannan a koma bakin rijiya. A sa alama guda a kan siminti, a auna daga nan da igiyar awo mai nauyi a baki, sau ɗaya a wata, da asuba kafin a tada inji. Wanda ya auna bayan ban ruwa, ramin da injin ya tsotse ya auna, ba matsayin ruwan ba. In yashin da ke riƙe da ruwan na sakin ruwa kashi 10 cikin 100 na girmansa, faɗuwar mita 1 na nufin mita kubik 1,000 sun tafi a kowace hekta.

Masanan hotunan tauraro na nan a cibiyar AGRHYMET ta Yamai, mai nazarin noma, ruwa da yanayi. Roƙona ga ƙungiyoyin manoma na Galmi, Madawa da Keita shi ne kowace ta ware rijiyoyi biyar da littafi guda, ta fara awon tun ƙarshen damina.

Wassalam,
Wani ma'aikacin ruwa, Tawa